Barewar Yamai: Tarihin Mena, Ƙungiyar Ƙwallon Ƙafa ta Nijar

A gidajen kallon ƙwallo na Ikara da Maƙarfi da Kudan, ba wuya ka sami yaron da zai jero maka 'yan wasan Arsenal ko Barcelona tun daga gola har 'yan benci, ya haɗa maka da kuɗin da aka sayo kowannensu. Amma ka ce ya faɗi sunan ɗan wasa ɗaya na Jamhuriyar Nijar, sai ya hau sosa ƙeya. Alhali daga Maƙarfi, Maraɗi ta fi Legas kusa ƙwarai, kuma Hausa ce harshen da aka fi ji a ƙasar.

Dalilin wannan rashin sani ba ɓoyayye ba ne. Ƙungiyar Nijar, wadda ake kira Mena, sunan wata irin barewa ta bakin hamada, ta yi mafi yawan rayuwarta a bayan ƙasashe 100 na farko a jadawalin FIFA. Ba ta taɓa zuwa gasar cin kofin duniya ba. Sau biyu kacal ta je gasar cin kofin Afirka, kuma ba ta ci wasa ko ɗaya a can ba. Wanda ya tsaya a kan waɗannan alƙaluma zai ce babu labari. Amma akwai labari, kuma kusan dukansa yana kewaye da abu ɗaya ne: gida. Abin da Mena ta yi a lokacin da take da gida, da abin da ta koya bayan ta rasa shi.

Farkon tafiya

Nijar ta sami 'yancin kai daga Faransa ranar 3 ga Agusta, 1960. A ƙarshen shekarar 1961 'yan wasanta suka tafi Abijan, wajen wasannin sada zumunta na ƙasashen da Faransa ta raina. Ranar 25 ga Disamba suka yi canjaras 2-2 da Chadi. Bayan kwana biyu Kwango ta zura musu 10 da nema, kayen da har yau ba su sake shan irinsa ba. Da haka aka fara.

Sai da aka yi shekara 20 kafin Mena ta yi abin da ya sa aka waiwayo ta. A wasannin neman gurbin kofin duniya na 1982, ta fitar da Somaliya, ta fitar da Togo, duka biyun da dokar nan da ke fifita ƙwallon da aka ci a gidan abokin karawa. A zagaye na uku ta haɗu da Aljeriya ta su Rabah Madjer da Lakhdar Belloumi. A can Aljeriya an ci Nijar 4-0. Da aka dawo Yamai a watan Mayun 1981, Mena ta ci 1-0. Bai isa ya kai ta gaba ba, amma mai karatu ya auna wannan ci ɗaya da abin da ya biyo baya. A zagayen ƙarshe Aljeriyar nan ta zo Legas ta doke Green Eagles, zakarun Afirka na 1980, da ci 2-0, ta ƙara musu 2-1 a gidanta, sannan ta je Sifen ta kayar da Jamus ta Yamma 2-1. Ƙungiyar da Najeriya ta kasa tarewa gida da waje, a Yamai ta sha ƙasa.

Shekarun janyewa

Bayan wannan, sai abubuwa suka riƙa tafiya da ɗingishi. Kuɗin yuraniyom da suka ɗaga ƙasar a shekarun 1970 sun ja baya a shekarun 1980. Duk da haka an buɗe babban filin wasa na Janar Seyni Kountché a Yamai a 1989, kuma a watan Oktoban 1990 Mena ta lallasa Muritaniya 7-1 a birnin. A ƙarshen 1994 ta kai matsayi na 68 a jadawalin FIFA, mafi girman da ta taɓa kaiwa.

Amma a watan Janairun 1994 ɗin ne aka karya darajar kuɗin sefa da rabi. Ma'aikata suka riƙa bin gwamnati bashin albashi na watanni, aka yi juyin mulki a 1996, aka sake yi a 1999. Ƙasar da ba ta iya biyan malaman makaranta, ina ta ga kuɗin jirgin kai 'yan ƙwallo wata ƙasa? Nijar ta janye daga wasannin neman gurbin kofin Afirka na 1996 ana tsakiyar yi, ta kuma sha ƙin shiga wasu gasannin. Zuwa 2002 ta gangara har matsayi na 196, kusa da ƙarshen jerin ƙasashen duniya baki ɗaya.

A nan ya kamata a fahimci yadda jadawalin yake aiki, domin mutane kan ɗauka ma'aunin iya ƙwallo ne zalla. Maki ana samun su ne daga wasannin da aka buga. Ƙasar da ba ta buga wasa ba ta da inda za ta samo su. In ta faɗi ƙasa, ranar rarraba rukuni sai a jefa ta tukunyar ƙarshe, a haɗa ta da manya. Manyan su ci ta, ta ci gaba da zama a ƙasa, manyan ƙasashe kuma ba sa sha'awar wasan sada zumunta da ita. Talauci ya jawo ƙarancin wasa, ƙarancin wasa ya jawo ƙarancin maki, ƙarancin maki ya jawo mugun rukuni. Fita daga wannan da'ira sai da wani abu da jadawalin ba ya lissafawa.

Abin da ya riƙe ƙwallon Nijar a waɗannan shekaru shi ne kulob-kulob ɗin cikin gida. Akwai tsofaffin Yamai irin su Sahel da Olympic da Zumunta. Akwai na jihohi: Jangorzo da Dan Kassawa na Maraɗi, Espoir ta Damagaram, Akokana da Urana na Arlit, garin haƙar yuraniyom. Sannan akwai na masu kaki da hukumomin gwamnati, wato AS FAN ta sojoji, da ta 'yan sanda, da ta kwastan, da ta jandarma. Waɗannan na ƙarshe su suka fi iya biyan ɗan wasa abin da zai riƙe gida, shi ya sa suka zama ƙashin bayan ƙungiyar ƙasa. Ko wanda ya hau shugabancin hukumar ƙwallon ƙasar, FENIFOOT, a 2009 hafsan soja ne, Djibrilla Hima Hamidou, wanda aka fi sani da Pele.

Daga Kano zuwa Alƙahira

Alamar farko cewa wani abu ya canza ta bayyana ne a kanmu. A 2010, a wasan neman gurbin gasar CHAN, wadda 'yan wasan da ke buga wa kulob na cikin gida kaɗai ke shiga, Nijar ta ci Najeriya 2-0 a Yamai. Aka zo Kano, filin Sani Abacha, aka tashi babu ci. Najeriya ta zauna gida, Nijar ta tafi Sudan a 2011, ta kai zagayen kwata-fainal, inda mai masaukin baƙi ta fitar da ita a bugun fenareti. Kocinta ɗan ƙasa ne, Harouna Doula Gabde.

A neman gurbin kofin Afirka na 2012, an sa Nijar a rukuni ɗaya da Masar da Afirka ta Kudu da Saliyo. Masar ce ke riƙe da kofin, ta ɗauke shi sau uku a jere, 2006 da 2008 da 2010. Afirka ta Kudu kuwa ba ta daɗe da karɓar baƙuncin kofin duniya ba. Ta ɗaya a rukuni kaɗai ke da tabbacin wucewa. Babu wanda ya sa Nijar a lissafi, balle da Afirka ta Kudu ta ci ta 2-0 a wasan farko.

Ranar 10 ga Oktoba, 2010, zakarun Afirka suka sauka Yamai, cikin zafin da 'yan gari suka saba da shi, baƙo kuwa yake ji a jika. Moussa Maazou ya ci ƙwallo ɗaya, Mena ta tsare ta har aka tashi. A watan Maris na 2011 ta ci Saliyo 3-1 a Yamai, a watan Yuni Saliyo ta rama 1-0 a gidanta. A watan Satumba Afirka ta Kudu ta zo Yamai ita ma ta sha kashi 2-1, da ƙwallayen Koffi Dan Kowa da Maazou.

Sai ranar ƙarshe, 8 ga Oktoba, 2011. A Alƙahira, Masar da ta riga ta fita ta sako matasan 'yan wasanta, suka ci Nijar 3-0. A birnin Nelspruit kuma Afirka ta Kudu na karawa da Saliyo. Da labarin Alƙahira ya isa can, koci Pitso Mosimane da mutanensa suka yi lissafi cewa canjaras ya ishe su: za su yi maki 9 daidai da Nijar, kuma sun fi ta yawan rarar ƙwallaye. Suka daina neman ci, suka koma ɓata lokaci. Da aka hura tashi 0-0, 'yan wasa suka kama rawa a gaban magoya baya.

Ba su karanta dokar gasar ba. Dokar CAF ta ce idan ƙungiyoyi suka yi daidai a maki, abin da za a fara dubawa shi ne sakamakon wasannin da suka buga tsakaninsu, ba rarar ƙwallaye ba. Ƙasashe uku ne ke da maki 9: Nijar, Afirka ta Kudu da Saliyo. In aka cire wasannin Masar, Nijar na da maki 6 daga nasarorinta biyu a Yamai, sauran biyun kowacce na da 5. Nijar ce ta ɗaya, duk da cewa ƙwallo 6 ta ci aka zura mata 8. Murnar Nelspruit ta koma ciki. Hausawa suka ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne.

A ranar nan dai, a Abuja, Gini ta farke ƙwallo daf da tashi aka yi 2-2, Super Eagles ta Samson Siasia ta rasa gurbi. Aka yi gasar 2012 babu Najeriya, babu Masar, babu Kamaru, babu Aljeriya, amma da Nijar. A ƙarshen shekarar CAF ta zaɓi Harouna Doula gwarzon kocin Afirka na 2011.

Gasa biyu, ƙwallo ɗaya

Samun gurbi daban, kuɗin tafiya daban. Sai da gwamnati ta ɗora wani ɗan haraji na wucin gadi a kan kiran wayar salula domin tara abin da za a kai ƙungiyar Gabon. Wato mai shayi a Tawa da mai sayar da goro a Damagaram duk sun sa hannu a tafiyar, ko sun kalli wasan ko ba su kalla ba.

A Libreville, Gabon ta ci Nijar 2-0 a wasan farko. Nan take aka ture gwarzon kocin Afirka gefe, ragama ta koma hannun Bafaranshe Rolland Courbis, wanda aka ɗauko da sunan mai ba da shawara. Wannan hali na raina na gida da zarar an yi tuntuɓe ɗaya, mu ma a nan mun san shi. Canjin bai sauya komai ba. Tunisiya ta ci 2-1 da ƙwallon da ta shiga daf da tashi, Maroko ta ci 1-0. William N'Gounou ne ya ci wa Nijar ƙwallo a wasan Tunisiya, kuma ita ce kaɗai ƙwallon da ƙasar ta taɓa ci a gasar kofin Afirka.

Masu cewa sa'a ce kawai ta kai su a 2012 sun sami amsa cikin shekara guda. A neman gurbin 2013 an haɗa Nijar da Gini, waccan da ta hana Najeriya. Gini ta ci 1-0 a Konakiri, Nijar ta ci 2-0 a Yamai a watan Oktoban 2012, ta wuce. Kocinta a lokacin Bajamushe ne da muka zo muka sani sosai, Gernot Rohr, wanda ya riƙe Super Eagles daga 2016 zuwa 2021. A Afirka ta Kudu, Seydou Keita ya ci wa Mali ƙwallo ɗaya a ƙarshen wasa, Nijar ta riƙe Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango 0-0 ta sami makinta na farko, Ghana ta ci ta 3-0. Mu a lokacin hankalinmu na kan su Stephen Keshi da Sunday Mba da suka ɗauko kofin, ba mu lura da maƙwabta ba.

In aka haɗa wasannin share fage na gasannin biyu, hoton ya fito sarai. Wasa 8 Mena ta buga. Huɗu a Yamai, ta cinye duka. Huɗu a waje, an cinye ta duka, ko ƙwallo ɗaya ba ta ci ba. Barewar tana da gudu, amma sai a dajin da ta sani.

Su wa suka yi aikin?

Moussa Maazou shi ne fuskar wancan zamani. An haife shi a Yamai a 1988, ya taso a ƙungiyar sojoji, ya tafi Lokeren ta Beljiyam, daga nan CSKA Moscow ta saye shi a 2009. Bayan haka ya yi ta yawo: Monaco, Bordeaux, Fotugal, Sin. Bai zauna wuri ɗaya ya zama tauraron da aka yi tsammani ba, amma duk ranar da Nijar ta buƙaci ƙwallo ɗaya a Yamai, shi ake kallo.

A raga akwai Kassaly Daouda, ɗan Dosso, wanda ya fi kowa buga wa ƙasar wasa. Ya tsare ragar Coton Sport ta Garwa a Kamaru lokacin da ta kai wasan ƙarshe na gasar zakarun Afirka a 2008, kuma a ƙarshen shekarunsa na wasa ya tsallako ya tsare wa Katsina United raga. Ƙungiyar da ake kai wa hari minti 90, golanta ne rabin tarihinta.

A bayansu aka sami Amadou Moutari, ɗan Arlit, wanda ya tashi daga Akokana ya buga a Faransa da Rasha da Hungary, da Victorien Adebayor, wanda ya zarce Maazou a yawan ƙwallayen da aka ci wa ƙasa. Hanyar da yawancinsu ke bi ba ta manyan kulob ɗin Turai ba ce. Ghana ce, da Kamaru, da Gini, da Maroko, da Najeriya, da ƙananan gasannin Turai da Gabas ta Tsakiya. Shi ya sa ba a ganin su a talabijin ɗin gidan kallo ranar Asabar.

Barewa kuma ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. A 2016, 'yan ƙasa da shekara 17 na Nijar suka fitar da Golden Eaglets, masu riƙe da kofin duniya na matasa, daga neman gurbin Afirka: an ci su 1-0 a Abuja, suka ci 3-1 a Yamai. Suka je kofin duniya na 2017 a Indiya, suka doke Koriya ta Arewa 1-0, suka kai zagayen 'yan 16. A 2019 Nijar ta karɓi baƙuncin gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 20, aka buga wasanni a Yamai da Maraɗi. Najeriya ma ta kan rama, kamar 4-1 da ta yi musu a gasar CHAN ta 2016 a Kigali. Amma sau biyu cikin shekara shida ƙaramar maƙwabciyar ta hana mu tafiya.

Mai masauki a gidan baƙo

A farkon 2023 Harouna Doula ya dawo da 'yan wasan cikin gida gasar CHAN a Aljeriya. Suka ci Kamaru 1-0, suka ci Ghana 2-0 a kwata-fainal, Aljeriya ta tsayar da su da 5-0 a wasan daf da ƙarshe, suka ƙare a na huɗu. Ba a taɓa ganin babbar ƙungiyar Nijar ta kai nan ba, kuma babu ɗaya daga wasannin da aka buga a Yamai.

Dama a lokacin gidan ya riga ya suɓuce. CAF ta tsaurara sharuɗɗan filayen wasa, filin Seyni Kountché ya kasa cika su, kamar filayen ƙasashen Afirka da dama. Mena ta koma karɓar baƙinta a ƙasashen mutane. Abin ya kai ga a watan Maris na 2025, wasan da Nijar ce mai masauki a kan Maroko, a birnin Oujda na Maroko aka buga shi. A nan ma Youssouf Oumarou ya fara ci wa Nijar, Maroko ta farke, sai a mintunan ƙarin lokaci ta ci ta biyu.

Kowa zai zaci ƙungiyar da ƙarfinta duka yana Yamai za ta wargaje. Akasin haka aka gani a ƙarƙashin Badou Zaki, tsohon golan Maroko kuma gwarzon ɗan wasan Afirka na 1986. A watan Nuwamban 2024 Nijar ta ci Sudan 4-0 a Lome, bayan 'yan kwanaki ta je Akara ta doke Ghana 2-1. Maki ɗaya ya raba ta da gurbin kofin Afirka, Sudan na da 8 ita tana da 7. A neman gurbin kofin duniya na 2026, ta ci Zambiya 2-1 a Marrakesh, ta ci Tanzaniya 1-0 a Zanzibar, ta ci Zambiya 1-0 a Ndola da ƙwallon Daniel Sosah. Ta ƙare ta biyu a bayan Maroko da maki 15, a ciki har da maki 3 da aka ba ta saboda Kwango ba ta fito wani wasa ba.

A nan lissafi ya sake shigowa. Ƙasashe huɗu mafiya maki cikin waɗanda suka zo na biyu za su buga wasan cike gurbi. Saboda Eritiriya ta janye daga rukunin Nijar, sai aka cire wa sauran rukunan makin da suka samu a kan ta ƙarshe, domin a yi adalci. Gabon da Dimokuraɗiyyar Kwango suka wuce kai tsaye. Ƙasashe huɗu suka tsaya a maki 15: Kamaru, Najeriya, Burkina Faso da Nijar, gurbi kuma biyu ya rage. Tunda ba rukuni ɗaya suke ba, babu wasan tsakani da za a duba, sai rarar ƙwallaye. Najeriya ta gyara tata ranar 14 ga Oktoba, 2025, da ta ci Benin ta Gernot Rohr 4-0 a Uyo. Rarar Nijar ƙwallo ɗaya ce tak, domin biyar ɗin da Maroko ta zura mata a watan Satumba sun cinye sauran. Ma'aunin da bai yi aiki a kanta ba a 2011, shi ya tsayar da ita a 2025. Mutane nawa ne a Kudan ko Ikara, cikin masu tsallen ƙwallayen Victor Osimhen a daren nan, suka san cewa maki ɗaya muke da Nijar?

Nijar ba ta taɓa kusantar kofin duniya haka ba tun 1981. Sai dai ta yi hakan ne ba a gaban mutanenta ba. A waɗannan wasannin share fage guda biyu, ba ta buga ko ɗaya a Yamai ba. Yaran da suka cika filin Seyni Kountché ranar da Masar ta faɗi sun ga Maazou da idonsu, kuma cikin tsararsu aka sami waɗanda suka je Indiya. Ƙannensu kuwa sai dai su bi sakamako a waya ko rediyo, kamar yadda suke bin na Turai. Ƙungiyar ta nuna ta koyi cin wasa a Akara da Ndola, abin da ta kasa a zamanin Maazou. Abin da ba a gwada ba shi ne a haɗa mata biyun, wannan sabon ƙarfin zuciya a waje da tsohon filinta cike da mutane da zafin la'asar. Wannan kuwa ba aikin koci ba ne ko ɗan wasa. Aikin masu gyara ciyawa da fitilu da kujeru ne, da masu sa hannu a kan kuɗin yin su.